Wane kaya 'yan gwangwan ke karɓa, kuma wanne ne bai kamata ya je hannunsu ba?

Wata baiwar Allah daga Kano ta aiko da tambaya. Ta ce za su tashi daga gidan da suka daɗe a ciki, ga sito cike da tarkace: tsofaffin tukwane, fasassun bokitai da kujerun roba, gororin ruwa, kwalaye, mataccen firji, talabijin mai ƙeya, batirin inbata guda biyu, wayoyin hannu da suka daina aiki, da kwalabe buhu guda. Yara sun ce a kira mai bola-jari ya kwashe baki ɗaya. Tana so ta san me ake karɓa a wajen masu tara irin wannan kaya, me kuma ba a karɓa.

Hajiya, Allah ya sa a tashi lafiya, ya sanya albarka a sabon gida. Na daɗe ina tsaye a bakin sikeli ina awon irin kayan nan, don haka zan gaya miki yadda abin yake a filin awo, ba yadda ake rubuta shi a takardar wayar da kai ba.

A yawancin garuruwanmu babu wata cibiya ta hukuma da mutum zai kai kayan gidansa a ware masa. A Kano aikin hukumar tsabtace gari ta REMASAB shi ne kwashe shara ta kai juji. Masu raba mai amfani da marar amfani su ne yaran da ke yawo da buhu ko kura, sai mai sikeli na unguwa da suke kai wa, sai babban dila da ke tara lodin mota, sai masana'anta. Duk abin da kika ga an karɓa a ƙofar gidanki, to akwai wanda ke jiran sa a ƙarshen wannan layi da kuɗi a hannu. Abin da babu mai jiran sa, ko an ɗauka don a faranta miki, a kwata ko a kangon bayan layinku zai kwana. Shi ya sa ban goyi bayan shawarar yara ta a kwashe baki ɗaya ba. In aka yi haka za a biya ki kuɗin abu mafi araha a cikin tarin, sannan abubuwa masu haɗari su faɗa hannun yaron da bai san haɗarinsu ba.

Mu fara da ƙarfe, don shi ne ba ya kwantai. Ki nemi mayen ƙarfe, ko da na cikin tsohuwar sifika ne, ki riƙa ɗora shi a kan kaya. Duk abin da ya kama, baƙin ƙarfe ne: gwangwanin madara da na tumatir, tsohon kwanon rufi, ƙafar gado, murhun gawayi, risho, guntun rodi, ƙofar da ta ruɓe, kwanon sha da fentinsa ya zube. Duk ana karɓa, tsatsa ba ta hana shi shiga. Shi ne mafi araha a kilo, amma nauyinsa ke rama masa. Daga nan tirela ke kwasar sa zuwa masana'antun narka ƙarfe, da yawansu a Legas da Ogun, ya dawo mana a matsayin rodin gini. Abin da mayen ƙarfe ya ƙi kamawa kuwa, kada ki bari ya shiga wannan tari. Tukunyar da ta huje, murfinta, gwangwanin lemo da na maltina, firam ɗin taga, duk alminiyam ne, kuma kuɗinsa ya ninka na baƙin ƙarfe nesa ba kusa ba. Dalili kuwa, narka tsohon alminiyam yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na wutar da ake ci wajen fitar da sabo daga ma'adini, kuma ana iya narka shi sau ba adadi bai lalace ba. Sama da shi sai jar waya, wato tagullar da ke cikin wayar lantarki, da naɗin cikin fanka, da na injin ban ruwa, da na kwamfuresan firji. Ita ce sarauniyar filin awo. Kan famfo mai ruwan ɗorawa da tsofaffin makullai su ma a ware su gefe, suna da farashinsu daban.

Ga roƙona game da jar waya. Kada ki yarda a ƙona ta a ƙofar gidanki don a cire rigar robar da ke jikinta. Rigar nan yawanci irin robar da ake kira PVC ce, hayaƙinta baƙi ne mai ɗaci, yana ɗauke da guba da ke zama a huhu da ƙasa. Na sha ganin yaro ya shigo fili da dunƙulen waya a hannu, idonsa jawur, cikin hancinsa baƙi ƙirin, yana tari kamar tsohon mashayin taba, alhali bai fi shekara goma sha uku ba. Wayar da aka feɗe da wuƙa tana fitowa da sheƙinta, kuma ta fi ƙonanniya daraja a sikeli. In babu mai feɗewa, a sayar da ita da rigarta.

Roba ita ce inda mutane suka fi ruɗewa, domin a ido duk roba roba ce, amma a bakin injin kowace da danginta, kuma ba sa haɗuwa. Ki juya gindin mazubi, sau da yawa za ki ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki, daga 1 zuwa 7. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo, mai haske kamar gilashi. Lamba 2 ita ce jarka, da robar man shafawa, da ta sabulun ruwa. Lamba 5 ita ce yawancin bokitai, da bahon wanki, da buta, da kujerar roba, da kofuna. Waɗannan ukun ana neman su. Bokitinki da ya tsage da kujerar da ƙafarta ta karye za a sassara su da adda, a zuba a injin niƙa, a wanke, a shanya, a sayar wa masana'antun roba irin na Sharaɗa da Challawa da Bompai, su dawo kasuwar Ƙofar Wambai a matsayin sabuwar buta ko baho. In kin lura, kayan robar da suka fi araha yawanci baƙaƙe ne ko masu duhun launi. Launuka ne da yawa suka cakuɗe a niƙa, sai a rufe su da baƙi. Saboda haka fara da mai haske sun fi tsada a wajenmu, domin ana iya rina su kowane launi, amma baƙa ba ta komawa fara.

Kayanmu na gida da yawa ba su da lambar nan. Mu a fili da ruwa muke gwadawa. A yanki ɗan guntu a jefa a baho: dangin jarka da na bokiti suna tasowa sama, gorar ruwa da PVC suna nutsewa. Wannan dabarar ce ma masana'anta ke amfani da ita wajen raba gora da murfinta bayan an niƙa, domin murfin daga dangin masu tasowa yake. Akwai kuma kujeru da bokitai masu arha da aka cika musu garin farar ƙasa tun a wajen ƙira don a rage kuɗi. Su ne ke karyewa ƙaras kamar busasshen kara, su bar fari-fari a bakin karayar, kuma in an jefa a ruwa su nutse. Mai awo da ya san aikinsa zai rage musu kuɗi ko ya ƙi su, kada ki ɗauka wulaƙanci ne.

Gororin ruwa hanya biyu gare su. Masu kyau, waɗanda ba su lotse ba kuma da murfinsu, masu zoɓo da kunun aya da fura suna saye da ƙidaya, kuma kuɗin ya fi na kilo. A nan amana ta hau kanki. Gorar da aka taɓa zuba fetur, ko kananzir, ko maganin sauro, ko fitsarin mara lafiya da aka kai gwaji, kada ta shiga cikin waɗannan ko da an wanke ta. Ki huda ta da wuƙa yadda babu mai iya sake zuba abin sha a ciki. Sauran kuma a zubar da ruwan da ya rage, a take su da ƙafa su lotse, a cusa a buhu. Gora ba ta da nauyi, buhu guda cike taf ba ya wuce 'yan kiloli, don haka kada ki sa rai da kuɗi mai yawa. Amfaninta babba shi ne ba ta je ta toshe magudanar ruwa ba. Waɗanda aka niƙa suna komawa zaren da ake cusa wa filo da kujeru, wasu kuma ana fitar da su waje, wasu su sake zama gora.

Lamba 3, wato PVC, ita ce bututun ruwa da silin roba da wasu tiyo. Tana da masu sayenta, amma daban ake tara ta. Ɗan kaɗan daga cikinta in ya shiga niƙan gora, to idan an zo narkawa sai ya ƙone ya ɓata lodin gaba ɗaya, kayan su fito da ɗigo-ɗigon baƙi da launin rawaya. Tsofaffin silifas da takalman roba ma ana karɓa, su ma a buhunsu daban.

Ledar ruwa, wadda muke ce wa fiya wata, ana saye, amma da sharaɗi: a farke ta, a zubar da sauran ruwan, ta bushe, kuma ba ta yi birgima a cikin kwata ba. Ana narka ta a yi baƙar leda da makamantansu. Gidan da ake shan jaka biyu ko uku a mako, in aka rataye buhu guda a bayan ƙofar kicin, kafin wata guda buhun ya cika. Amma ledar biskit, da ta taliyar yara, da 'yan ƙananan ledojin madara da na garin sabulu, masu walƙiya a ciki, babu mai karɓa. An manne roba iri biyu ko uku ne da siririn alminiyam, kuma babu injin da ke raba su a nan. Kwalin lemon kwali ma haka yake, takarda da roba da alminiyam ne a manne. Haka farin mazubin tekawe mai kama da soso, wanda ake sa wa lamba 6: iska ce ta fi yawa a cikinsa, ga maiƙo, cikin mota guda bai taka kara ya karya ba a sikeli. Jihar Legas ta hana amfani da shi tun watan Janairun 2024 saboda yadda yake cika magudanai. Waɗannan, da famfas ɗin yara da audugar mata, shara ce ta gaskiya. A ɗaure su a kai inda motar shara ke ɗauka, kada a cusa su a tsakiyar buhun roba don a ƙara nauyi.

Na ambaci ƙara nauyi, to bari in faɗi abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Jiƙa kwali, da ɗura yashi a gora, da ɓoye dutse a cikin gwangwani, duk mun san su. Abin da suka jawo shi ne mai awo ya riƙa zaftare wani abu daga kowane buhu tun kafin ya duba, sai mai gaskiya ya biya bashin mai ha'inci. Ta ɓangarenmu ma akwai masu taɓa sikeli, ba zan ɓoye miki ba. Maganin abin shi ne kaya a ware, a bushe, a buɗe, sikeli kuma a gabanki, ki ga allura ko lamba tana kan sifili kafin a rataya. In kina da abin da kika san nauyinsa, kamar ƙullin sukari na kilo ɗaya na kanti, ki sa a fara gwada shi. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Kwali ana karɓa in ya bushe kuma babu maiƙo. A kwance shi a shimfiɗe, a ɗaure da igiya. Shi da tsofaffin littattafan makaranta da jaridu suna komawa kiret ɗin ƙwai da sabon kwali da takardar goge hannu. Sai dai ki zauna ki tace takardun da kanki. Duk mai ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a cire ta, kada ta je ta zama maƙunshin ƙosai ko a tattake ta a fili. A yi mata yadda malamai suka koyar. Haka takardar da ke da lambar BVN ko NIN, da ta asibiti, da ta banki, a yayyaga ko a ƙona.

Kwalaben nan na buhu guda, ki fara duba na lemo masu komawa kamfani, mai kanti zai karɓa. Waɗanda ke da murfi kuma ba su fashe ba, masu gyaɗa da zuma da man shanu da turare suna so. Fasasshiyar kwalba kuwa a ƙa'ida ana narka ta a yi sabuwa, amma manyan masana'antun kwalba suna kudu, ga nauyi ga arha, kuɗin mota yakan cinye ribar, saboda haka ba kowane mai sikeli ke karɓa ba. Ki tambaya kafin ki tara. Tangaran, da madubi, da gilashin taga, da kwanon gilashi mai jure wuta ba sa shiga cikin kwalba ko a inda ake karɓar ta, domin ba sa narkewa a zafi ɗaya da ita. Duk abin da ya fashe a naɗe shi a kwali mai kauri a ɗaure. Yaran nan da hannu tsirara suke tona shara, kuma mafi yawan raunukan da nake gani a tafin hannunsu daga kwalba ne da reza da allura. Wani abu kuma: kwalbar magani, da ta turare mai tsada, da robar man shafawa mai suna, ki ɓare takardar jikinsu ko ki lalata murfin. Masu haɗa jabu suna neman irinsu da takardarsu lafiya lau don su sake cikawa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a cikin jerinki, batiran inbatan nan biyu. Za a saya, har ma za a yi rububinsu, domin fiye da rabin nauyin irin wannan batir dalma ce. Mu Hausawa mukan ce tukunyar dalma muna nufin ta alminiyam da maƙera ke zubawa, amma dalmar da ke cikin batir wata aba ce daban, mai nauyi, mai laushi, kuma guba ce. Ita ce ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010. A can daga dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gida ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma hanyar shigarta jiki ɗaya ce: ƙura a ƙasa, yaro ya yi rarrafe, ya sa hannu a baki. Ba ta da wari, ba ta sa ciwo nan take in kaɗan ce, sai dai ta zauna a jini ta daƙushe ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. A garin Ogijo na jihar Ogun, inda masana'antun narka batir suka taru, gwajin jini ya nuna dalma mai yawa a jikin ma'aikata da mazauna.

Abin da ke faruwa in kika ba wa mai kura shi ne, da ya sha kwana zai kifa batirin a bakin kwata ya tsiyaye ruwan, saboda wasu masu saye busasshe suke so, kuma ya rage wa kansa nauyi. Ruwan nan asid ne gauraye da dalma. Na taɓa ganin inda aka saba yin haka a bayan wani fili: ƙasar wurin ta yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, ko ciyawa ba ta tsiro, ga rijiyar maƙwabta ba nisa, ga awaki suna kiwo a gefe. Wani kuma zai fasa shi da gatari ya narka dalmar a kasko, tunda ita a zafin digiri 327 na Salshiyas kacal take narkewa, wutar gawayi ma ta isa. Don haka shawarata, ki mayar da su wajen mai sayar da batir ko mai haɗa sola, ya karɓa ya rage miki kuɗin sabo ko ya biya ki, su tafi a rufe da ruwansu a ciki. Kafin nan a ajiye su a tsaye, a inuwa, inda yara ba sa kaiwa. Ba zan ce miki duk wanda ya bi ta hannun dila yana ƙarewa a wuri mai tsabta ba, amma aƙalla ba a zubar da ruwansa a layinku ba, ba a kuma fasa shi a tsakar gidan wani ba.

Wannan magana ta shafi tukwanen maƙera ma. Idan aka haɗa alminiyam mai tsabta da tarkacen inji da lagireto da abin da aka yi wa like da dalma aka zuba tukunya, gubar tana iya fita cikin abinci. An gwada irin waɗannan tukwane a Kamaru a 2014 an samu haka. Shi ya sa ware tsofaffin tukwane da gwangwanin lemo daban da kayan inji yake da amfani fiye da kuɗin da za a ƙara miki.

Batirin waya da na fawa bank da na fitilar caji wani haɗari ne daban. Su wuta suke kamawa in an huda su ko an matse, musamman wanda ya kumbura, kuma wutar ba ta jin ruwa kaɗan. Guda ɗaya a tsakiyar lodin kwali ya isa ya cinye fili. Kada su shiga buhun kowa, kada kuma a jefa su a wutar shara. Wayoyin da suka mutu ki kai wa masu gyara, irin na kasuwar Farm Centre, suna sayen su don kayan gyara, allon cikinsu kuma akwai masu tara shi saboda ɗan zinariya da tagullar da ke jiki. Ki cire layi da memori tukuna. Wadda ke kunnuwa a goge komai, wadda ba ta kunnuwa kuma kika san akwai hotunan iyali a ciki, gara ta zauna a durowarki.

Firji ana karɓa, amma ki fara kiran mai gyara. Sau da yawa abin da ya mutu kaɗan ne, kuma ko bai gyaru ba shi zai biya fiye da mai kilo domin yana son sassan. In ya tabbata gawa ne, jikinsa ƙarfe ne, kwamfuresa kuma akwai jar waya a ciki. Kada a fasa bututunsa a cikin gida ko kusa da wuta, domin gas ɗin da ke cikin firji na zamani da yawa mai kamawa ne. Talabijin mai ƙeya kuwa abin da ake so a cikinta naɗin tagulla ne da allonta. Gilashin babu mai so, ga shi da dalma a cikinsa, kuma in an fasa yana tarwatsewa da ƙarfi. A ba da ita ɗungurungum, kada a fasa miki ita a ƙofar gida a bar ki da garin gilashi inda yara ke wasa. Baƙar robar jikin talabijin da rediyo an zuba mata maganin hana kama wuta, bai kamata ta shiga niƙan da za a yi kofi ko kwano da shi ba, don haka kada a haɗa ta da bokitai.

Akwai 'yan abubuwan da ba ki ambata ba amma na san ba a rasa su a sito. Dogon ƙwan fitila da mai lanƙwasa suna da zaiba a ciki, ba a saye, kuma ba a fasawa. A naɗe su yadda ba za su fashe ba. Jarkar maganin feshi da kwalbar maganin ƙwari, ko an ga kamar ba komai a ciki, ba sa zama mazubin ruwa ko na mai har abada. A huda su, kuma kada a sa su cikin robar niƙa. Alluran mai ciwon suga a tara su a jarka mai kauri a toshe, a kai asibiti inda ake ƙona irinsu. Maganin da ya gama aiki a tambayi mai kantin magani. Tukunyar gas da ta tsufa a kai wa masu gas, domin wadda ake zaton babu komai a cikinta ita ke tashi da mai yankan ƙarfe. Baƙin mai na janareta a zuba a jarka a kai wa bakanike, kada ya taɓa kwali ko roba, domin duk abin da ya jiƙa ya tashi daga aiki.

Tufafi da katifa da labule ba kayan sikeli ba ne. Mai sauran amfani a bayar sadaka, akwai mabuƙata a kowace unguwa. Tsummokara masu gyaran mota suna so, tsohon soso kuma masu yin kujeru da filo sukan saya. Buhunan shinkafa da na siminti suna da kasuwarsu da ƙidaya. Tsohuwar taya masu yanka takalmi da igiya suna ɗauka. Haka duk ƙarfen da ke da sauran siffa, kamar ƙofa ko gado ko injin markaɗe, maƙera da masu walda irin na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za su ba shi daraja fiye da kilo, don gyara shi za su yi.

Ki kuma lura da wanda za ki buɗe wa ƙofa. Sana'ar nan ta rufa wa dubban mutane asiri, amma ɓata-gari sun shafa mata baƙin jini da satar murfin kwalbati da wayar lantarki da ƙarfen makabarta. Abin ya kai gwamnatin Borno ta hana yawon tonon ƙarfe a 2023, bayan an yi ta kashe masu shiga daji nemansa, hukumar Abuja ma ta hana yawon bola-jari a cikin birnin a farkon 2025. Dilolin suna da ƙungiya ta ƙasa, NASWDEN, kuma mai sikelin da ke da wurin zama sananne ya fi wanda ba a san daga inda ya fito ba. Ki aika a kira na unguwarku wanda mai unguwa ya sani, a fito da kayan waje, a yi ciniki a zaure ko ƙofar gida, da wani babba namiji a tsaye. In kuma a cikin tarkacen aka ga wani ƙarfe mai nauyi da ba a san ko mene ne ba, mai kama da harsashi ko gwangwani a toshe, kada a buga shi, kada a sayar, a sanar da 'yan sanda. An yi asarar rayuka a wuraren tara ƙarfe ta wannan hanya.

Ranar da za a fitar da kayan, ki sa yara su shimfiɗa buhuna a tsakar gida tun da safe, ki ba ƙaraminsu mayen ƙarfe, babban kuma ya sa safar hannu saboda kwalba. A fara auna jar waya da alminiyam a biya ki kuɗinsu, kafin a zo kan baƙin ƙarfe da roba, domin in aka fara da tari mai yawa sai a ce a haɗa miki sauran a dunƙule. Batiran biyu kuma su riga kowa barin gidan, a bayan mota, a tsaye, a kan kwali, zuwa shagon mai batir.